Shekarar da Rijiyoyin Dukawuya Suka Yi Ƙasa

Assalamu alaikum mutanen wannan zaure. Masu turo mini saƙo wai na yi shiru kwana tara, ku yi haƙuri, ba data ce ta ƙare ba. Abin da zan rubuta ne ba na son rubutawa. Wata baiwar Allah kuma ta ce ba ta yarda ɗan shekara arba'in da tara mai haƙar rijiya ne yake rubuta labarin soyayya ba, wai wata yarinya ce ta fake da sunan namiji. Hajiya, ki zo Dukawuya ki tambayi gidan Dogo mai rijiya, za a nuna miki ni. Gajere ne, baƙi, da furfura a gemu.

Saboda waɗanda suka shigo yau: sunana Gidaɗo. A aji huɗu na bar firamare, rubutun nan da kuke gani a waya na ƙarasa koyonsa. Kakanninmu da shanu suka zo Kano, shanun suka ƙare, mahaifina Malam Ɗalha, wanda ake ce wa Dogo, ya kama haƙar rijiya da yasarta. A hannunsa na gada. Matata Habiba ta rasu shekara biyar ke nan, 'ya'yana mata biyu suna ɗakunansu. Wadda nake nema sunanta Malama Zuwaira, 'yar Madabo, asalin gidansu Barno, gidan malamai ne tun kaka da kakanni. Shekararta talatin da takwas, mijinta ya rasu, tana koyarwa a jami'a, tana kuma karatun zama dokta. Ba ta asibiti ba, ta ruwa.

Shekara biyu da suka wuce ta yi sallama a ƙofar gidanmu cikin lafaya ruwan toka, da jakar kwamfuta a kafaɗa. Ta ce an gaya mata muna da littattafan awon rijiya. Na ce muna da su, me za ki yi da su? Ta ce za ta gwada su da tauraron ɗan'adam.

Na yi dariya, ba zan ɓoye ba. Na ce Malama, ni da nake shiga ramin da kaina wani lokaci ba na ganin ruwan sai ƙafata ta taɓa shi, shi kuma daga sama zai gani?

Ta ce, “Ba gani yake yi ba, Malam Gidaɗo. Nauyi yake ji.”

Yadda ta fahimtar da ni ke nan. Taurari ne guda biyu, ɗaya yana bin ɗaya, kamar jakuna biyu a turba. Idan na farkon ya zo saman ƙasar da ta yi nauyi da ruwa, sai ƙasar ta ɗan fizge shi, tazarar da ke tsakaninsu ta canza. Da wannan tazarar ake gane ruwan da ƙasa take riƙe da shi wata bayan wata: na kogi, na madatsa irin ta Tiga, da na ƙarƙashin ƙasa, duk a haɗe. Ita aikinta a kan yankin koginmu ne, tun daga inda kogin Kano da na Challawa suka taso, suka haɗu suka nufi Haɗeja, har can Yobe. Matsalar tauraron, ba ya jin ƙaramin wuri. Birnin Kano da ganuwarsa a wajensa kamar ƙwayar gero ce a kan faifai. Shi ya sa take neman wanda ya auna ruwa a ƙasa, da hannu, shekara da shekaru, don ta ga ko maganarsu za ta zo ɗaya.

To mu muna aunawa. Kowace bazara kafin ruwan farko, muna zaga rijiyoyin da muke kula da su, guda ashirin da uku, daga Dukawuya zuwa gindin Goron Dutse har Madabo. Kafin mutum ya shiga yasa, sai a ɗaura dutse a igiya a zura har ya taɓa ruwa, a jawo, a auna igiyar da gaba. Gaba shi ne ka buɗe hannuwanka duka biyu, daga ƙarshen yatsan dama zuwa ƙarshen na hagu. Baffa, wato mahaifina, yana rubutawa da ajami a littafin 'yan makaranta: gidan wane, gaba shida da kamu ɗaya. A sana'armu kuma akwai ƙa'ida: maigida ne yake tsayawa a sama, shi ke riƙe igiya, shi ke awo. Ɗa aikinsa shiga. Shekara ashirin ina ƙasan rami, ban taɓa auna igiya ko sau ɗaya ba sai da Baffa ya rasu, ƙarshen daminar 2010.

Ku riƙe wannan, don a nan abin yake.

Bazarar da ta biyo baya na fita zagaye ni ne maigida. Rijiyar farko, littafin Baffa ya ce gaba shida, ni na sami bakwai. Ta biyu haka. Ta uku haka. Duk ashirin da ukun sun yi ƙasa a shekara guda. Labari ya zaga unguwa. Wata tsohuwa a layinmu, Goggo Ta-Annabi, ta ce, “Yo ai dole. Shekara arba'in Dogo yana yi wa ruwan nan hidima, ya tafi, ruwan ba zai yi takaba ba?” Malamai suka ce wannan magana ba ta da asali. Ni kuwa a zuciyata na karɓa. Mutum ya rasa uba, aka ce masa har ƙasa ta ji rashin, wa zai tsaya yana musu?

Da Malama ta zo, wata uku muna zama a zaurenmu da rana, ƙofa a buɗe, yayata Adda Hajo tana daga ciki tana tari duk bayan minti biyar don a san tana nan. Ina karanta ajamin, tana zubawa a kwamfuta. Ranar farko ta ce tana son ta san gaba mita nawa ne. Ta sa na jingina da bango na buɗe hannuwa, ta miƙo mini alli na yi alama da kaina, na matsa, ta auna da tef. Ta ce, “Mita ɗaya da sittin da uku.” Ta rubuta. Ƙamshin humrarta ya kwana biyu a zauren. Ni dai tun ranar ban sake zama daidai ba, na ba ku wannan labarin a baya.

Da ta gama zubawa ta juyo mini da kwamfutar. Layi biyu ne. Na tauraro shuɗi, yana hawa da damina yana sauka da rani, yana tafiya abinsa. Namu ja, yana tafe tare da shi, sai a 2011 ya faɗa kamar an tura shi daga kan katanga. Ta daɗe tana kallo. Ta ce ai a shekarun nan ne masu hali suka yi ta haƙa burtsatse a cikin gari, kowa yana zuƙa da inji. Ta ce, “Ka ga abin da nake nema. Yankin kogi bai rasa ruwa ba, amma birni ya rasa, tauraro kuma bai ji ba. Igiyarku ta ga abin da ya wuce shi.”

Babi guda ta yi a kan wannan a kundinta, babi na biyar, shi ne ƙashin bayan aikin. Ta sa sunan Baffa da nawa a ciki. Ni kuwa na samu abin faɗa. A majalisarmu ta bakin masallaci babu wanda bai ji ba. Nakan ce Turawa sun harba ƙarfe sama, igiyar rama ta kayar da shi.

Kuma wannan babin ne ya buɗe mini ƙofar gidansu. Yayanta, Malam Abdulƙadir, shi ne waliyyinta. Da farko da aka kai masa maganata cewa ya yi, “Wane Gidaɗo? Wanda yake yashe mana rijiya?” Bai ƙara ba. Wata takwas bai ƙara ba. Sai da ta ajiye masa kundin a kan buzunsa, ya ga sunana a buge da inji, ta fassara masa babin, sannan ya ce ilimi ilimi ne ko a rami aka samo shi, a ce masa ya zo ranar Juma'a bayan la'asar mu gaisa. Ita kuma ranar Litinin ɗin da ke biye za ta tsaya a gaban farfesoshi biyar ta kare kundin. An riga an kai musu, kowa ya karanta nasa.

Ranar Laraba da hantsi Adda Hajo ta shigo ɗakina da ƙunshi a hannu.

“Me za ka sa jibi?”

Na nuna mata shaddata ruwan ƙasa da ke rataye.

“Wannan? Da ita ka je sunan jikanka, da ita ka je ta'aziyyar Mikail, har kajin unguwa sun san ta. Gidan Barebari za ka, Gidaɗo, mutanen da ke turara ko tsumman goge ƙafa.”

Ta kwance ƙunshin. Kaftanin Baffa ne, farar shadda mai aikin hannu a wuya, wanda ya ɗinka da zai tafi Makka. Sau uku ya sa shi. Shekara goma sha biyar yana ƙasan adakarta da ƙullin kanumfari, ko ɗigon tsatsa babu. Ta ce in gwada, in ya yi tsawo a kai wa Ɗanjuma tela ya rage.

Na zura. Gindin ya share ƙasa, wannan na san za a yi. Na miƙa hannuwa gefe da gefe don ta ga inda za a kama. Sai Adda ta fashe da dariya har tana dafa ƙofa.

“Wayyo ni Hajo! Ina hannuwan naka? Ko yatsa ɗaya ban gani ba. Kai dai Inna ka biyo, guntu. Baffa in ya sa rigar nan, tafin hannunsa duka a waje yake, har agogo ana gani.”

Tana dariya, ni kuma ina tsaye hannuwa a buɗe kamar an shanya ni. Na dubi hannun dama. Ƙarshen yatsana ya zo daidai bakin hannun rigar. Na dubi na hagu, haka. Wato in Baffa ya buɗe hannuwansa, ya fi ni da tafi guda ta nan, tafi guda ta can.

Haka nake tsayawa in zan auna igiya.

Na cire rigar. Na ɗauko igiyar aiki na shimfiɗa kaftanin a tabarma. Na auna daga bakin hannu zuwa bakin hannu, na ƙara tafi biyu, na ninka sau shida, na ƙulla. Sannan na tashi na auna wannan igiyar da hannuwana. Bakwai. Na sake. Bakwai cif.

Ruwa bai je ko'ina ba a 2011. Mai awo ne ya gajarce.

Ni mutum ne mai taurin kai, ban yarda nan take ba. Na sa takalmi na tafi gidan Goggo Ta-Annabi, tana nan da ranta, ta haura tamanin. Bayan mun gaisa na ce, Goggo, shekarar da Baffa ya rasu, kun ƙara wa guganku igiya?

Ta ce, “Igiya? A'a. Ai igiyar nan tun ta auren Zainabu ce, sai da ta tsinke don kanta, shekara uku bayan Dogo.”

Na ce to ai ke kika ce ruwa ya yi takaba.

Ta ce, “Yo ba kai ka ce ya yi ƙasa ba? Ni ina na sani, ni da jikoki ke ja mini?”

Na shiga gida huɗu. Babu wanda ya ƙara igiya a shekarar. Daga baya sun ƙara, kaɗan-kaɗan, wannan gaskiya ne, burtsatse tana shan ruwa. Amma faɗuwar nan ta lokaci guda, wadda aka gina babi na biyar a kanta, ba ta taɓa faruwa ba. Malama ta auna hannuna ta lissafa shekarun Baffa da shi, sai rijiyoyin zamaninsa suka fito ba su kai zurfinsu ba. Layin shuɗin nan da na yi shekara ina yi wa dariya, shi ne mai gaskiya.

Zan gaya muku abin da ya fara yi mini ciwo, ko da za ku ce ba shi ne ya kamata ba. Ba Malama ba ce. Baffa ne. Shekara goma sha huɗu duk rijiyar da na leƙa sai in ji kamar ita ma ta san ba ya nan. Ashe ruwa ko a jikinsa. Ya sha hidimar mutum shekara arba'in, aka binne mutumin, ya ci gaba da zamansa a inda yake.

Da na dawo na gaya wa Adda. Ta ajiye tsintsiya ta zauna a kan turmi.

“Wa ya sani?”

“Ni da ke.”

“To ya tsaya a nan.”

“Adda, Litinin za ta tsaya a gaban mutane da abin da ba haka yake ba.”

“Su mutanen sun san Baffa? Za su tono shi su auna? Kai ka yi ƙarya? Ba ka yi ba. Abin da ka samu ka rubuta. Ka bari a ɗaura, in ta shigo ɗakin nan, wata rana kuna cin tuwo ka gaya mata. Mace in ta shigo ta shigo.”

“In wani ya gano fa?”

“Shekara goma sha huɗu kai da sana'arka ba ka gano ba, sai wani mai takalmi sau-ciki? Gidaɗo, dube ni. Shekara biyar kana cin abincin gidan mutane. Ni na tsufa, gwiwata ta ƙi. Malam Abdulƙadir saboda takardar nan kaɗai ya ce ka zo. Ka je ka ce masa takardar shirme ce, kai ka shirmantar? Ko ruwan alwala ba za a ba ka ba.”

Ba ta faɗi ƙarya ba ko ɗaya. Abin da ya sa maganar ta zauna mini ke nan.

Da yamma saƙon Malama ya shigo. “Malam Gidaɗo, ya shiri? Inna ta ce a tambaye ka ko kana cin yaji, don kada ta kashe mana baƙo tun ranar farko.” Ta sa hoton fuskar nan mai dariya da hawaye.

Na rubuta, “Ina ci.”

Ta ce, “Shi ke nan? Yau ba labarin igiya ta kayar da ƙarfe?”

Na rubuta, “Akwai maganar da” sai na goge. Na danna saƙon murya, na yi daƙiƙa goma sha ɗaya ina numfashi, na goge. Na rubuta, “Gajiya ce.”

Alhamis na je aiki a wani gida a gindin Goron Dutse. Na zura igiya, na jawo, na buɗe hannuwa zan auna, na kasa. Maigidan ya ce lafiya? Na ce kafaɗa ce. Da azahar na kira ta sau biyu ba ta ɗauka ba. Ta turo, “Ina wajen malamina muna gwajin tambayoyi. Ya ce babi na biyar ne za su fi matsa mini, amma in na tsaya a kansa na wuce. Ka yi mini addu'a.” Na karanta wannan saƙon ya fi sau goma. Ɗanjuma tela ya aiko a kawo kaftanin ya rage, na ce a bar shi yadda yake.

Juma'a bayan la'asar na sa shaddata ruwan ƙasa, wadda kaji suka sani. Adda ta dube ni ta juya baya, ko a dawo lafiya ba ta ce ba.

Gidansu Malama irin tsohon ginin nan ne mai zaure uku, an shafe ƙasar da siminti. Tun daga zauren farko turaren wuta ya tare ni. A na biyu aka shimfiɗa darduma ja, ga dabino a faranti, ga kunun aya a jug mai gumi. Malam Abdulƙadir yana zaune a kan buzu, fari, siriri, da hula zanna da tabarau, littattafai jere a bayansa har rufi. Kundin Malama yana gefensa, mai koren bango. Ya miƙo mini hannu biyu. Shekara goma sha biyar ina shiga gidan nan da igiya, bai taɓa miƙo mini ko ɗaya ba.

“Lale, Malam Gidaɗo. Bismillah, matso nan.”

Na durƙusa na gaishe shi. Na ce, Allah ya gafarta Malam, ina neman alfarma. Kafin mu yi magana, a ba ni minti biyar da Malama.

Ya ɗaga gira. “Tun yanzu?”

Na ce maganar aiki ce.

Aka kira ta zaure na uku, inda ake hango mu daga inda yake. Ta fito cikin lafaya ruwan zuma, da lalle a yatsu, ba ta taɓa yin lalle ba tun da na san ta. Tana murmushi tana cewa, “Kai da aka ce ka zauna da Yaya, me kuma…” Sai ta ga fuskata.

Ban iya zagaye ba. Na ce, Malama, hannun Baffa ya fi nawa tsawo. Gaba shida nasa, bakwai ne nawa. Shi ya yi awo har 2010, ni na karɓa a 2011. Ruwan bai faɗi ba.

Na ga leɓenta yana motsi, lissafi take yi. Ta dafa bango. Ta ce, “Duk ashirin da ukun a shekara guda.” Ba da ni take ba. “Duka da kashi ɗaya cikin shida. Mai zurfi ta faɗi da yawa, marar zurfi ta faɗi kaɗan. Na gani. Wallahi na gani a jadawalin, na ce ikon Allah.” Ta rufe ido. “Na auna hannunka, ban tambayi wa ya riƙe igiyar ba.”

Na ce laifina ne.

“Yaushe ka sani?”

“Laraba.”

“Laraba.” Ta buɗe ido. “Na tambaye ka yaji, ka ce kana ci.”

Sai ta ci gaba.

“Ka san me ka zo ka gaya mini? Shekara biyu. Babin nan shi ne kundin. Mutum biyar sun karanta, ɗaya daga Ibadan zai taso. Na tsaya a taro a Abuja na faɗi wannan magana da bakina, aka tafa mini.” Muryarta ba ta tashi ba, ta dai yi siririya. “Kuma ka san dalilin da ya sa mutumin can ya shimfiɗa maka darduma.”

Na ce na sani.

“To me ya hana ka bari sai bayan Litinin? Ko bayan an ɗaura? Babu wanda zai sani.”

Na ce, Adda ma haka ta ce. Na kwana biyu ina gwada yin hakan. Amma ni shekara ashirin na yi a ƙasan rijiya Baffa yana sama. Wanda ke ƙasa ba ya ganin igiya, abin da na sama ya gaya masa shi ke nan. Ranar Litinin ke ce a ƙasa. Na ga inda igiyar ta lalace, ba zan ce miki sauka ba.

Ta goge ido da bakin lafaya, kwalli ya ɓata zumar. Ta ce, “Ni ba zan gaya wa Yaya ba. Kai ka kawo, kai za ka kai masa.” Ta shige ciki.

Na koma na durƙusa a gaban Malam na maimaita masa, har da kaftanin, har da igiyar Goggo. Ya saurara bai katse ni ba. Da na gama ya ɗauki kundin ya juya shi ya kife.

“Wato abin da aka ce kun gano, ba ku gano komai ba.”

“Ba mu gano ba, Allah ya gafarta Malam.”

“Kuma shekara goma sha huɗu ba ka lura mahaifinka ya fi ka tsawo ba.”

“Na lura. Ban haɗa da igiya ba.”

Ya cire tabarau ya goge. “Ƙanwata ta ɗora mutuncinta a kan awonka.” Ya mayar da tabarau. “Ka sha kunu. Za mu neme ka.”

Duk wanda ya girma a Kano ya san ma'anar za mu neme ka. Ban sha kunun ba. A bakin ƙofa na ji muryar mahaifiyarsu, Inna Kolo, daga ciki tana tambaya, “Ya tafi? Abincin fa?”

Asabar shiru. Na tura mata sallama, alama biyu suka yi shuɗi, ba amsa. Adda ta ajiye mini tuwo ta ce, “Ga shi, malamin gaskiya, ka ci da gaskiyarka.” A majalisa Nazeer mai kanti ya ce, “Angon Madabo, ya labarin ƙarfen Turawa?” Na ce ƙarfen ne ya kayar da ni. Suka yi dariya, sun zaci wasa nake. Na zauna na ba su labarin duka, tunda a nan na yi alfaharin, a nan ya kamata in janye shi. Wani ya ce ni wawa ne. Wani ya ce a'a. Suka yi ta yi har aka kira magariba, ni dai ban sa baki ba, don har yanzu ban san wanne ne ya yi daidai ba.

Litinin ta zo ta wuce. Ban san me ya faru a jami'a ba, ban kuma da wanda zan tambaya. Talata, Laraba, haka.

Yau Alhamis da hantsi ina gyaran guga a tsakar gida waya ta yi ƙara. Ga abin da ta rubuto, na kwafo muku shi yadda yake:

“Malam Gidaɗo. Tun ranar Asabar na gaya wa malamina. Ya yi faɗa, na yi kuka, ya sake yin faɗa. An ɗage zaman wata shida. Babi na biyar ya mutu. Amma ya ce in aka gyara awon Baffa, shekara talatin na rijiya ashirin da uku abu ne da babu mai irinsa, kuma da alama zai bi tauraron sau da ƙafa. Wannan ma sakamako ne, ko da ba a tafa masa. Sai mun sake zaga gidajen duka da tef, mu tambayi kowace tsohuwa tarihin igiyarta.”

Na rubuta, “Alhamdu lillahi. Duk ranar da kika sa, ina nan.”

Na ga tana rubutu, ta tsaya, ta sake farawa.

“Har yanzu ina jin haushinka, kada ka ɗauka ya wuce. Kwana biyun nan da ka yi shiru sai mun yi maganarsu. Amma ni ba zan yi wata shida ina bin lungunan Dukawuya da namijin da ba muharramina ba, bakin mutanen Madabo ya ishe ni haka. Ka shirya manyanka.”

Na karanta sau uku. Na miƙa wa Adda, ta ce ba ta ganin ƙananan rubutu, na karanta mata. Ta ce, “Manyan naka su wa? Ni ce kaɗai na rage, sai Kawu na Bichi da ba ya ji.” Tana faɗa tana neman mayafinta.

Na rubuta, “Malam Abdulƙadir ya sani?”

Ta ce, “Yanzu ya idar da walaha, zan shiga wajensa. Inna tana bayana. Kada ka ajiye wayar.”

Minti arba'in ke nan. Da ita nake rubuta muku wannan, don in samu abin da hannuna zai yi. Ban ajiye ba.